Barin Ƙwaya, Sigari Da Caca: Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Mini A Kaduna

Shekara huɗu gidanmu ya yi yana fama da ƙanina a kan tiramadol. Babu abin da ba mu gwada ba: faɗa, duka, rubutu, kulle shi a ɗaki, har da ƙaurace masa. Sai daga baya, da na zauna da likitoci na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, na gane ashe mun daɗe muna yaƙi da abin da ba mu san yadda yake aiki ba. Yau ya samu lafiya, alhamdu lillahi. Tun da labarin ya bazu a unguwa, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambaya ba, wani a ƙofar masallaci, wata ta biyo ta wajen mahaifiyarmu. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Ni ba likita ba ne, kuma duk inda magana ta zama ta likita zan faɗa.

Mene ne bambancin sabo da jaraba?

Sabo shi ne abin da jiki ya koya har yake yin sa ba tare da ya jira tunani ba. Direban da ya shekara goma yana jigila tsakanin Kawo da Kasuwa ba ya lura da lokacin da ƙafarsa ta taka birki. Wannan rahama ce, don da sai mun yi tunani a kan kowane motsi da ba mu iya rayuwa ba. Sabo yana zama jaraba idan waɗannan suka bayyana: adadin da yake isar mutum a da ya daina isarsa, idan bai samu ba jikinsa ko ransa ya rikice, ya sha ɗaura niyyar bari yana kasawa, kuma yana kallon ɓarnar da idonsa, aiki ya tafi, mutunci ya zube, amma yana ci gaba. Wannan ta ƙarshen ita ce babbar alama.

Yaron nan ya yi kuka, ya dafa Alƙur'ani ya rantse, bayan kwana uku ya koma. Ba yaudararmu yake yi ba?

Galibi lokacin da yake rantsuwar da gaske yake. Matsalar ita ce wanda ya rantse da safe da wanda abin ya motsa wa da la'asar kusan kamar mutum biyu ne a jiki ɗaya.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin. Aikinsa shi ne ya yi wa abu alama: wannan yana da muhimmanci, ka tuna shi, ka sake nema. Abinci yana motsa shi, haka ganin ɗanka, haka cinikin da ya yi riba. Ƙwayoyin maye suna motsa shi fiye da yadda abubuwan yau da kullum suke iyawa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗora ƙwayar a sahun ruwa da abinci.

Wani masani mai suna Wolfram Schultz ya yi gwaji da birai a shekarun 1990. Da farko, idan aka ɗiga wa biri ruwan zaƙi a baki, nan take dofamin yake tashi. Sai aka riƙa kunna wata alama kafin zaƙin ya zo. Bayan birin ya saba, sai tashin dofamin ya bar lokacin shan zaƙin ya koma lokacin ganin alamar. Ku riƙe wannan, don shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Kowane mai jaraba yana da irin wannan alamar, wato ƙararrawarsa. Ta wani ita ce kwanar kemis ɗin unguwa, ta wani ƙarar babur ɗin abokinsa a ƙofar gida, ta wani shigowar kuɗi a waya, ta wata kuma faɗa da miji. Da zarar ƙararrawar ta kaɗa, jiki ya riga ya kama hanya kafin hankali ya ce uffan.

Akwai kuma abin da Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya nuna, cewa kwaɗayin abu daban, jin daɗinsa daban, kuma ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Da tafiya ta yi nisa, daɗin yana raguwa, kwaɗayin yana ƙaruwa. Ban fahimci wannan ba sai wani dare da muke zaune da ƙanina a kan dakalin ƙofar gida, an ɗauke wuta, hannunsa yana rawa har ya kasa riƙe kofin shayi. Ya ce mini: "Yaya, wallahi na fi shekara ban ji daɗinta ba. Ina sha ne kawai don in iya miƙewa in zama kamar kowa." Tun daga ranar na daina ce masa ɗan jin daɗi.

Ashe ba rashin tarbiyya ne ke jawo shi ba?

Tarbiyya tana da tasiri, ba mai musu. Amma na ga abin ya shiga gidan malamai, gidan fastoci, gidan masu kuɗi a Unguwar Rimi da gidan talakawa a Rigasa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda a Najeriya. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magunguna irin su tiramadol da kodin. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan iyayensu ne suka yi sakaci ba.

Gado yana da hannu: masana suna ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na saurin kamuwa daga jini yake. Shekaru ma suna da hannu, domin sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda yake auna sakamako ya ce wa mutum dakata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa wanda ya fara yana ɗan sha biyar ya fi shiga haɗari. Sai kuma babban dalilin da muke yawan tsallakewa, wato ciwon da ƙwayar take rufewa. Ɗan Keke Napep da zai yi awa goma sha huɗu a kan titi don ya haɗa balas, lebura mai sauke buhuna, matashin da ya gama makaranta shekara biyar yana zaman majalisa, yaron da ya ga an kashe wani a gabansa ya daina iya barci. Kowannensu ƙwayar ta yi masa wani aiki a farko. In ba a gano wannan aikin ba, cire ta kaɗai ba ya ɗorewa.

Mata ma suna ciki?

Suna ciki. Wancan binciken ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce, amma kaɗan ƙwarai ne suke isa asibiti, saboda abin da za a yafe wa namiji ba a yafe musu. Wata baiwar Allah ta taɓa gaya wa mahaifiyarmu yadda ta gano 'yarta: ta je share bayan randa ta tarar da kwalaben maganin tari goma sha ɗaya a jere cikin baƙar leda, an wanke su tas don kada su yi wari. Yarinyar tana salla, tana girki, babu wanda ya taɓa jin muryarta a sama. Gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton da BBC ta fitar, amma dokar ba ta cire damuwar da ke kai mata gare shi ba. Idan 'yarku ce ko matarka, ku rufa mata asiri a wajen jama'a, amma kada ku rufe shi a gaban likita.

Ko dai sammu aka yi masa?

Ba zan yi jayayya da kowa a kan abin da ya yi imani da shi ba. Abin da na sani shi ne wiwi mai yawa, musamman ga mai ƙananan shekaru, tana iya sa mutum ya riƙa jin muryoyi ko zargin ana bin sa, kuma wannan yana da magani a asibiti. A yi ruƙiya, a yi addu'a, amma a kai shi likita a makon, kada a jira shekara.

Ni ba na shan komai. Cacar ƙwallo ce kawai a waya. Ita ma jaraba ce?

Ita ma. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa caca a rukuni ɗaya da jarabar kayan maye, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin kwamfuta da waya a matsayin cuta.

Abin da ke riƙe ɗan caca shi ne rashin tabbas. Wani masanin halayya, B. F. Skinner, ya gwada da tattabaru da ɓeraye: dabbar da take samun tsaba duk lokacin da ta danna maɓalli tana haƙura da wuri idan tsabar ta yanke, amma wadda take samu jefi-jefi, ba ta san yaushe ba, ita ce take ta dannawa ba ji ba gani. Haka aka gina caca. Ka zaɓi wasa goma, tara su ci, ɗaya ya ɓata maka tikiti, sai ka ce saura ƙiris. Ba saura ƙiris ba ne, kuɗinka sun tafi daidai da wanda duk goman suka faɗi, amma ƙwaƙwalwa tana karɓar kusan-ci kamar alƙawari. Daga nan sai bin asara: a sa na cefane don a dawo da na haya, a ci bashi don a dawo da na cefane. Jan allon waya da yatsa har ƙarfe biyun dare ma a kan wannan dabarar yake tafiya, ba ka san abin da zai fito a gaba ba.

Sigari da shisha fa, ai ba sa bugarwa?

Ba sa bugarwa, amma nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan da zuƙa, kuma mai shan kara goma a rana yana maimaita darasin sau ɗari ko fiye, kullum. Shi ya sa barinta ke da wuya haka. Taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya duk shekara. Ruwan da ke cikin tukunyar shisha kuwa sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace gubar.

Zan iya yanke shi lokaci guda, in kulle kaina a ɗaki har ya fita?

Wannan maganar likita ce, kuma a nan ne ake rasa rai. Sigari, wiwi da caca ana iya yanke su rana ɗaya. Za a sha ƙunci, rashin barci da saurin fushi, amma ba sa kisa. Giya ga wanda ya daɗe yana sha kullum, da ƙwayoyin barci irin su diyazefam da roci, ba a yanke su farat ɗaya, domin suna iya jawo jijjiga, ruɗewa, har mutuwa. A hankali likita yake rage su. Tiramadol da kodin kuma suna zuwa da ciwon gaɓoɓi, gudawa, amai, zufa, hamma da hawaye, abin ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, ya fara sauƙi cikin mako guda ko fiye kaɗan. Akwai magungunan da ke sassauta wannan wahalar, babu dalilin shan ta a banza.

A kan tiramadol ina da ƙarin magana. Iyakar abin da likita yake ba babban mutum a yini shi ne miligiram 400. Wadda ake sayarwa a ɓoye ƙwaya ɗaya tana kai 225, kuma yara suna haɗiye uku ko huɗu da shayi. Yawanta yana kawo farfaɗiya. Ƙanina ya taɓa faɗuwa a teburin mai shayi, ya datse harshensa, mutane suka taru suna cewa aljanu ne.

To daga ina zan fara?

Fara da takarda da biro, kafin ma ka daina. Mako guda, duk lokacin da ka sha ko ka buga, rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, a ina, da wa, kuma me kake ji a ranka kafin nan. Kafin makon ya ƙare za ka ga ƙararrawarka da idonka. Yawancin mutane suna mamakin yadda abin yake da tsari, wuri biyu ko uku ne, mutum biyu ko uku ne, lokaci kusan ɗaya ne.

Daga nan sai ka raba kanka da su, kuma wannan ya fi ƙarfin zuciya aiki. A lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da ke can sun kamu da hiroyin, wani abin maye mai saurin kama mutum. Hukumomi suka tsorata da abin da zai faru idan sun dawo. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka dawo a 1971, ta tarar kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Sun bar fagen yaƙi, sun bar abokan sha, sun bar arahar kayan, sai jarabar ta rasa abin kamawa. Mu ma muna da wannan a hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari. Da malamin ya tabbatar masa ƙofar tuba a buɗe take, bai tsaya nan ba, ya ce masa ya bar garinsu ya tafi inda mutanen kirki suke, kada ya koma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ba kowa ne zai iya barin gari ba, amma kowa zai iya sauya wani abu. Canja hanyar da kake bi zuwa aiki ko da ta fi nisa. Goge lambobin, in ya kama ka canja layin. Cire manhajar caca, ka sa wani ya riƙe katin bankinka, kuɗi su riƙa shigowa hannun matarka ko yayanka na ɗan lokaci. Ƙanina wata biyar ya yi a wajen kawunmu a Zariya yana koyon gyaran firji, kuma ranar da ya dawo ba mu bar shi ya koma tsohon ɗakinsa na zaure ba.

Sannan ka cike gurbin. Idan ƙarfe biyar na yamma ne lokacinka, to ƙarfe biyar ta same ka a wani wuri da ake jiranka: filin ƙwallo, islamiyyar manya, shagon ubangida, zagayen Dandalin Murtala tare da wani. Wurin da za a lura in ba ka zo ba ya fi wurin da babu mai tambayarka. Kuma ka gaya wa mutum ɗaya gaskiya duka, ba rabi ba. Jaraba a ɓoye take ƙiba.

Idan abin ya motsa mini, kamar zan mutu. Me zan yi a wannan lokacin?

Ba za ka mutu da kwaɗayi ba, kuma ba ya dawwama. Yana tasowa, ya kai ƙololuwa, ya sauka, sau da yawa cikin ƙasa da rabin awa, kamar hadarin da ya haɗu baƙi ƙirin iska ta watsa shi. Aikinka shi ne ka kai bayan rabin awar nan. Tashi daga inda kake. Yi alwala da ruwan sanyi. Kira mutumin nan ɗaya, ka ce masa abin ya motsa. Kada ka ce wa kanka har abada, ka ce ba yanzu ba, sai bayan isha'i, in isha'i ta yi ka sake ɗagawa. Duk lokacin da ƙararrawa ta kaɗa ba a amsa ba, ƙarfinta yana raguwa kaɗan.

Ka kuma kula da abu huɗu da ke raunana mutum: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Sau da yawa abin da kake zaton kwaɗayin ƙwaya ne, tuwo da barci yake nema.

Kwana nawa ake ɗauka kafin sabon hali ya zauna? Na ji an ce 21.

Babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan 21. A wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, aka wallafa a 2009, matsakaicin lokacin da ƙaramin hali ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Kuma wannan a kan abubuwa masu sauƙi ne kamar shan ruwa bayan abinci. Ga mai barin ƙwaya, watannin farko sukan zo da wani irin lami, abinci ba daɗi, hira ba daɗi, komai fari fat. Ƙwaƙwalwa ce take sake koyon jin daɗin ƙananan abubuwa, kuma yana dawowa. A gaya wa mai jinya wannan tun da wuri, don kada ya ɗauka haka zai ƙare rayuwarsa.

Ya yi wata uku lafiya, jiya ya sha. Shi ke nan aiki ya rushe?

Bai rushe ba. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna samun komawa a wani lokaci, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini da asma ba. Ba wanda yake korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa, magani ake gyarawa.

Abin da ya fi shan jiyan haɗari shi ne tunanin da ke biyo baya: tun da na ɓata, bari in ƙarasa. Alan Marlatt, wanda ya shafe shekaru yana nazarin komawa, ya nuna wannan kunyar da yanke ƙaunar su ne suke mayar da tuntuɓe ɗaya ya zama faɗuwar wata shida. Don haka washegari a zauna a tambaya, wace ƙararrawa ce ta kaɗa, me ya faru kafin nan, wace kafa za mu toshe.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: bayan hutu, jiki ya manta da adadin da ya saba. Wanda ya koma kan tsohon adadinsa na kodin ko tiramadol, musamman in ya haɗa da ƙwayar barci ko giya, numfashinsa na iya tsayawa. Idan kuka ga mutum ba ya farkawa, numfashi sama-sama, leɓe ya sauya launi, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a ce bari ya yi barci ya wartsake.

Mu kai shi gidan mari?

Kada ku kai shi. Na san gajiyar da take sa iyaye su yi wannan tunanin, mu ma mun kai bakin ƙofar. Amma mutanen Kaduna ba su manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyayensu da kuɗinsu suka kai su, da niyyar gyara. Sarƙa tana hana hannu kaiwa ga ƙwaya, ba ta koya wa mutum yadda zai wuce ta gaban kemis ranar da aka kwance shi. Yana fitowa da tsohon ciwonsa, ga sabon ciwon wulaƙanci, ga ƙullin iyayensa a zuciya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya. Duk wurin da za a hana ku ganin ɗanku, ko babu likita a ciki, ku juya.

Addu'a ba ta isa ba?

Addu'a ginshiƙi ce, kuma na ga yadda salla cikin jam'i take tsara wa mai jinya yininsa ta haɗa shi da mutane sau biyar. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna samun irin wannan a coci. Amma addinin da ya ce a yi addu'a shi ya ce a nemi magani. Ku dubi yadda aka haramta giya, ba rana ɗaya ba. Aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta a Baƙara, sannan aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya sauka a Ma'ida. Nana A'isha ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Akwai kuma sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ina roƙon iyaye mata musamman, komai zafin rai, a riƙe baki.

In an yi masa aure ba zai natsu ba?

Aure ba asibiti ba ne. Abin da yake faruwa shi ne a ɗauko 'yar mutane, ba a gaya mata gaskiya ba, a ɗora mata jinyar da gida guda ya kasa, ga nauyin cefane ya zama sabuwar ƙararrawa. A fara magani, ya samu tsayuwa mai tsawo da sana'a, a kuma gaya wa dangin yarinyar abin da ake ciki.

Ta yaya zan yi masa magana ba tare da mun yi faɗa ba?

Ba lokacin da yake cikin maye ba, ba kuma a gaban ƙannensa ba. Zaɓi safiya, ku biyu. Faɗi abin da ka gani, ba sunan da ka ba shi ba. "Na ga kwana uku ba ka ci abincin dare ba, na ga ka sayar da wayarka, hankalina ya tashi" ya fi "kai ɗan ƙwaya ne" buɗe baki. Ka yi tambaya, sannan ka yi shiru ka saurara, ko da abin da zai faɗa zai yi maka ɗaci.

Tausayi kuma ba shi ne sakaci ba. Kada a ba shi kuɗi a hannu, a saya masa abin da yake buƙata. Kada a riƙa biyan bashinsa a ɓoye, kada a yi masa ƙarya a wajen aiki. Gida ya zama baki ɗaya, domin idan Baba ya hana Umma ta miƙa ta bayan ƙofa, an koma gidan jiya. Mu wannan ce ta fi ba mu wuya. Sai da mahaifiyarmu ta yi kuka sosai ranar da ta fara ce masa, "Ba zan ba ka ko sisi ba, amma ga abinci, kuma in ka shirya zuwa asibiti ko tsakar dare ne ka tashe ni." Bayan kwana tara ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

A Kaduna ina za mu je?

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana duba masu matsalar shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma ana iya farawa daga Asibitin Barau Dikko ko babban asibitin da ya fi kusa, su tura ku gaba. Gwamnatin jiha tana da hukumar da ke kula da rigakafi da maganin shaye-shaye. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, da layin kira kyauta, 0800 1020 3040.

Idan za ku je, ku tafi da kwalin ko kwalbar abin da yake sha, ku faɗi ainihin adadin da lokacin da ya sha na ƙarshe, ba tare da ragewa don kunya ba, domin da wannan likita zai auna maganin. Ku fita da sassafe saboda layi, kuma wanda zai raka shi ya zama mutumin da yake jin nauyinsa amma ba ya tsoronsa.